Daga ƙofar Gore zuwa Muzen Yamai: wane labarin bauta ake nuna mana?

Yau zancenmu a kan gidajen adana kayan tarihi ne, waɗanda mu nan muka fi sani da muze, da irin yadda suke ba da labarin bauta da labarin hana ta. Zance ne mai nauyi, don a ƙasar nan har gobe akwai inda ake fasa aure saboda an binciko asalin yaro an ce kakansa bawa ne. To ku gyara zama, tafiyar da ɗan nisa, amma gida za mu sauka.

Mu fara da gidan da ya fi kowane suna a Afirka. A tsibirin Gore, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba cikin jirgin ruwa daga Dakar, akwai wani gidan bene mai jan fenti, da matakala biyu da suka lanƙwaso suka haɗu a sama. Shi ake kira Gidan Bayi. In ka wuce ta tsakanin matakalan, sai ka faɗa wani siririn lungu mai duhu, a ƙarshensa ƙofa ce a buɗe, ba komai gabanta sai duwatsu da teku. Ita ce ƙofar da ake cewa wanda ya fita ta nan ya tafi ke nan. Hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Fafaroma John Paul na biyu ya tsaya bakin ƙofar nan a 1992 ya roƙi gafara, Mandela ya je, Bill Clinton ya je a 1998, Obama da iyalinsa a 2013. Da wuya babban baƙo ya sauka Dakar a kasa kai shi can a ɗauki hotonsa yana kallon ruwa.

Mutum guda ne ya ɗaga sunan gidan, Boubacar Joseph Ndiaye, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin duniya na biyu. Tun 1962 yake riƙe da gidan har Allah ya karɓi ransa a 2009. Gwanin magana ne na ƙarshe. Zai ɗaga mari da sarƙa ya nuna wa baƙi, ya ce ga ɗakin maza, ga na mata, ga na yara, ga inda ake auna nauyin mutum, wanda bai kai kilo 60 ba a tsare shi a yi ta ɗura masa abinci har ya cika. Ya ce miliyoyin mutane sun fita ta wannan ƙofa. Ƙarti majiya ƙarfi sun sha fitowa daga lungun nan suna share hawaye.

Sai masana tarihi suka zo da lissafi. Su ƴan kasuwar bayi na Turai komai rubutawa suke yi, sunan jirgi, inda ya ɗauki kaya, mutum nawa ya loda, nawa suka mutu a hanya, saboda akwai masu hannun jari da ke jiran riba. Da aka tattara takardun tafiye-tafiye sama da 30,000, aka gano cewa kimanin mutum miliyon 12 da rabi aka loda daga gaɓar Afirka, kimanin miliyon 10 da dubu 700 suka isa can da rai. A cikin wannan adadi rabon Gore bai kai dubu 50 ba. Manyan tashoshin su ne irin su Luwanda a Angola, da Wida a Benin, da Boni a kudancin Najeriya. Kuma shi kansa gidan sai wajajen 1776 aka gina shi, ga duwatsun da ke bakin ƙofar, waɗanda masu bincike suka ce kwalekwale ba zai so matsowa kusa da su ba. A ƙarshen 1996 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga cewa labarin gidan ƙage ne. Kai, ranar an sha kallo. Mutanen Senegal suka ɗauki abin a matsayin cin fuska, har aka kira taron masana a tsibirin a 1997.

A ganina tsohon nan ya yi gaskiya a kan azabar, a kan adadi ne ya zarce. Kuma zarcewar tana da illa, don duk mai son ya ce ai bautar ma ba ta kai yadda ake faɗi ba, ka ba shi sanda. Miliyon 12 da rabi ba ya bukatar ƙari.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a Gore yana saman benen ne. Gidan na wani iyali ne ruwa biyu, zuriyar Pépin, irin gidajen attajiran matan nan da ake kira sinyar, waɗanda suka auri Turawa suka yi dukiya. Su ma suna da nasu bayin, masu daka, masu wanki, magina, matuƙan kwalekwale, waɗanda ba na sayarwa ba ne, a nan aka haife su, a nan suke mutuwa. A ƙarni na 18 bayin gida su ne mafi yawan mutanen tsibirin. Ke nan a gida ɗaya bauta iri biyu ce, wadda ake fita da mutum ta teku, da wadda ake ajiye shi a ƙasan bene mai gida na shan iska a sama. Ta biyun ita ta yi kama da tamu. To amma ƙofar nan tana jan ido, kowa teku yake kallo, ba mai waiwayen tsakar gida.

Masu zuwa Kwatano ɗauko mota ko kaya, daga can zuwa Wida kilomita arba'in ne kawai. Nan kam ba gardamar lissafi, sama da mutum miliyon guda aka loda daga wannan gaɓa. A nan UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a 1994, a 1995 kuma, zamanin shugaba Nicéphore Soglo, aka gina ƙatuwar ƙofa a bakin teku. Baƙo yakan taka kusan kilomita huɗu daga dandalin da ake cewa nan ake cinikin bayi har bakin ruwa, gumaka na jere a gefen hanya, masu yi wa baƙi jagora na nuna inda suka ce itacen mantuwa yake, wanda maza ke kewayawa sau tara, mata sau bakwai, wai don su manta gida.

Wida ta fi Gore ƙarfin hali ta wani ɓangare, don ba ta iya ɓoye hannun ƴan ƙasa. Sarakunan Dahome ne ke yaƙi su kamo mutane, su sayar. Dandalin cinikin ma sunan Chacha gare shi, laƙabin Francisco Félix de Souza, wani ɗan Barazil da ya zama babban dillalin Sarki Gezo, ya mutu a 1849. Jikokinsa na nan garin, manyan mutane ne, gidansa na nan suna kula da shi, a wurinsu kaka ne abin alfahari. Ka ga gari ɗaya, a bakin teku ana kuka, a cikin gari ana girmama dillali. Shugaba Mathieu Kérékou dai a 1999 ya fito ya nemi gafarar baƙaƙen Amurka a kan rawar da magabata suka taka.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen gaɓa ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa sun zubar da kamammu masu yawa, wasu aka gangara da su kudu hannu zuwa hannu har Wida da Badagiri da Ikko. A jihar Bahiya ta Barazil, bayi Hausawa ne suka ƙulla tawayen da aka tona a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A watan azumi na 1835 Musulmin birnin Salbado, galibinsu Yarbawa, da Hausawa a cikinsu, suka fito da fararen riguna suka yi artabu da sojoji. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, wasu takardun na nan ajiye a Bahiya har yau. Wanda ya rubuta su, wataƙila a wata makarantar allo ta Gobir ko Katsina ya koyi riƙe alƙalami.

Yanzu mu haura Turai, inda jiragen suka fito. Su can shekara da shekaru labarin hana bauta suka fi so, don a cikinsa su ne jarumai. A Ingila tun 1906 aka mai da gidan William Wilberforce a garin Hul ya zama muze, shi ne ɗan majalisar da ya yi ta fama har aka haramta cinikin bayi a 1807. Hotuna biyu ne suka cika irin waɗannan gidaje. Ɗaya zanen jirgin nan mai suna Brookes, an jera mutum 454 kwance kamar buhunan gero a sito, alhali jirgin ya taɓa ɗaukar sama da 600. Ɗayan kuma baƙin mutum ne durƙushe, da sarƙa a hannu, ya ɗaga kai yana roƙo. Masu yaƙi da bauta ne suka yi su, da kyakkyawar niyya, kuma sun yi aiki a zamaninsu. Sai dai yaron da ya tashi yana ganinsu, abin da zai riƙe shi ne bawa ko dai yana kwance ko yana durƙushe, Bature ne ke tsaye.

Abin da aka daɗe ba a manna a bango ba shi ne kuɗi. Da Ingila ta hana bautar kanta a 1833, fam miliyon 20 ta ware ta biya diyya, kuma iyayen gijin aka biya. Waɗanda aka bautar ko sisi ba su gani ba, aka ma ce su ci gaba da aikin kyauta da sunan koyon sana'a har 1838. Bashin da gwamnati ta ci don biyan kuɗin nan, sai a 2015 aka gama da ragowarsa. Haka nan ba a cika faɗin cewa tawayen bayin Jamaika na 1831, ƙarƙashin Sam Sharpe, shi ya tsorata majalisa ta gaggauta ba. Sai da birnin Libaful, wanda jiragensa suka kwashi kusan mutum miliyon ɗaya da rabi, ya buɗe gidan tarihin bauta a 2007, sannan aka ga canji na gaske. Ranar da suka zaɓa ma magana ce, 23 ga Agusta, don tunawa da daren da bayin Haiti suka tashi a 1791.

Faransa, wadda mu muka fi sani, nata labarin ya fi murɗewa. A lakwal sunan Victor Schoelcher ake ji, da dokar 27 ga Afrilu 1848. Gaskiya ne mutumin ya yi ƙoƙari. To amma me ya sa sai 1848? Ai Faransa ta taɓa hana bauta a 1794, bayan bayin Haiti sun riga sun ƙwaci kansu da takobi, sai Napoliyon ya maido da ita a 1802. Haiti ta ci yaƙi ta samu mulkin kai a 1804, a 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ɗora mata biyan faran miliyon 150, wai diyyar dukiyar da Turawa suka rasa, dukiyar kuwa har da su mutanen. A tsibirin Martinik ma ba takardar Schoelcher aka jira ba. Ranar 22 ga Mayu 1848 bayi suka tashi, washegari gwamna ya shelanta ƴanci don dole, takardar Paris ta iso daga baya ta tarar an gama. Shekara ta zagayo, a 1849, aka biya iyayen giji diyya kamar yadda Ingila ta yi. Shi ya sa ranar 22 ga Mayu 2020 matasan Martinik suka kayar da gumakan Schoelcher guda biyu. Mutane da yawa a Faransa suka kasa gane dalili, don abin da aka koya musu bai wuce Bature mai alƙalami ba.

Birnin Nant shi ne babbar tashar cinikin bayi ta Faransa, jirage sun tashi daga can sau wajen 1,700. Garin ya daɗe yana kawar da kai. Sai a 1992 aka yi wani babban baje kolin tarihi a kan lamarin, a 2001 majalisa ta amince da dokar Christiane Taubira da ta kira cinikin bayi laifi a kan bil'adama, a 2012 kuma aka buɗe wurin tunawa a bakin kogin Luwar. Wurin ya tsaru, an dasa sunayen jiragen ɗaya bayan ɗaya a daɓen da mutane ke takawa, sannan ka sauka ƙarƙashin ƙasa kamar ka shiga cikin jirgi. Amma ku dubi sunan da aka ba shi, wurin tunawa da hana bauta. Garin da ya yi suna wajen saye da sayarwa, da ya tashi gina abin tunawa, hanin ya sa a gaba. An yi ta sukar wannan a can ma. Ita kuma dokar Taubira, cinikin tekun Atlantika da na tekun Indiya ta ambata, hamada ba ta ciki.

To a nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu, kuma Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ba mu da teku. Namu tekun rairayi ne. Hanya ɗaya ta tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas zuwa Gat da Gadamas har Tarabulus, ɗayar daga Barno ta bi Bilma da Kawar zuwa Murzuk. Ɗaruruwan shekaru ayari na bin su da fatu da gashin jimina da hauren giwa da mutane. Turawan da suka ratsa hanyar Murzuk zuwa Barno a 1822, Denham da Clapperton, sun rubuta yadda suka tarar da ƙasusuwan mutane zube a bakin rijiyoyi. James Richardson, wanda ya zauna Damagaram a farkon 1851, ya ga da idonsa mayaƙan sarki sun dawo daga hari suna kore da kamammu, har da yara ƙanana. Zuriyar waɗanda suka tsallake suna nan a Tunis da Tarabulus, wani Bature mai bincike ya same su kafin yaƙin duniya na farko suna bori da Hausa. Kuma ga wani abu da ba a cika faɗi ba, sarkin Tunis Ahmad Bey ya hana bauta a ƙasarsa a Janairun 1846, shekara biyu kafin Faransa. Tun 1615 ma Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce, ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno da Sanwai cikin Musulmin da bai halatta a mallaka ba. Da ba a kama su ana sayarwa, ai da ba a yi masa tambayar ba.

Waɗanda aka fitar ma ba su ne mafi yawa ba. Masana irin su Paul Lovejoy sun ƙiyasta cewa a wajajen 1900 daular Sakkwato kaɗai tana da bayi tsakanin miliyon ɗaya zuwa biyu da rabi. Harshenmu shi ne shaida. Bawa da baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane wanda aka haifa a gidan ubangijin uwarsa, rinji inda bayi ke noma gandun mai gida, murgu kuɗin da bawa ke biya don a bar shi ya yi sana'arsa, fansa in ya tara abin sayen kansa. Al'ummar da ba ta san abu ba, ba ta yi masa sunaye haka.

In ana neman mutum guda da za a gina ɗaki a kansa, ga Dorugu. An haife shi wajajen 1840 a ƙauyen Dambanas, yankin Kance. Yana yaro aka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa a Barno, ya shiga hannu daban-daban, kafin wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai Dorugu ya bi abokinsa Heinrich Barth, suka ratsa Damagaram da Katsina da Sakkwato, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka je Tumbutu, suka dawo, suka tsallake hamada har Landan a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, tun daga gonar ubansa har titunan Ingila, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Muzen Amurka da Ingila suna alfahari da labaran da bayi suka bayar da bakinsu, suna manna su a bango da manyan baƙaƙe. Mu ga namu, ɗan jihar Damagaram, da harshenmu, amma ku tambayi ɗalibai goma a Kance ko Matamai, ku ji nawa suka taɓa jin sunansa.

Yaya aka hana bauta a nan? In aka bar wa takarda, za a ce dokar Faransa ta 12 ga Disamba 1905, wadda ta haramta saye da sayar da mutum a yankin Afirka ta Yamma. A Arewacin Najeriya kuma Ingilishi suka ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba su soke bautar gaba ɗaya ba sai 1936. A zahiri mutane ne suka ƴanta kansu da ƙafa. Daga Banamba ta ƙasar Mali a 1905 bayi suka fara tattara ƴan komatsansu suna komawa garuruwansu, abin ya bazu, dubban ɗaruruwa suka tashi, ba wanda ya ba su izini. Inda kuwa Nasara ke bukatar hakimai da shugabannin makiyaya su tara masa haraji da raƙuma, sai ya runtse ido. Shi da kansa ma ya kawo aikin dole, wanda kakanninmu suka sha a gina hanyoyi da barikoki, ba a soke shi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilun 1946. Duk muzen da zai rataya takardar 1905 shi kaɗai ya ce ga ranar ƴanci, ya maimaita kuskuren Hul da Nant.

Kuma ai abin bai zama tarihi ba tukuna, wannan ita ce matsalar. Ƙungiyar Timidria, wato ƴan'uwantaka da Tamajak, an kafa ta a 1991. Binciken da ta yi da abokan aikinta a farkon shekarun 2000 ya ba da adadin aƙalla mutum 43,000 da ke cikin bauta a Nijar. Sai a watan Yunin 2003 dokar ƙasa ta mai da bautar da mutum babban laifi, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A Maris 2005 aka shirya bikin ƴanta mutum 7,000 a Inates, aka soke shi a ƙurarren lokaci, hukumomi suka ce ai babu bayi a Nijar, daga baya ma aka kulle shugaban ƙungiyar na lokacin, Ilguilas Weila, na ɗan wani lokaci.

Sannan ga Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 ta zama wahaya, wato mace ta biyar, ba sadaki, ba ɗaurin aure, aikin gida da na gona nata, shimfiɗa ma haka. A 2005 mai gidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba inda za ta, wai matarsa ce. Da ta tafi ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata shida a kan ta yi aure kan aure. Ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun CEDEAO, ranar 27 ga Oktoba 2008 kotu ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta miliyon 10 na sefa. A 2014 kotun Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu a kan wahaya. Yankin Ƙonni da Madawa da Illela ake nufi, jama'a, ba wata duniya ba. Masu bincike sun tarar har da matan da aka sa wa ƙaton munduwar tagulla a ƙafa, don kowa ya gane matsayinsu tun daga nesa.

Yanzu ku shiga Muzen Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959. Wuri ne da muke alfahari da shi, yaran da suka je hutu babban birni ba sa mantawa. Akwai rumfar tufafin gargajiya, akwai ta kayan kiɗa, ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a Gadafawa, ga rumfar yuraniyom, ga bukkoki da tantunan kowace ƙabila, ga maƙera da dukawa na aiki, ga zakuna da dorina. Itacen Tenere ma, da mota ta kaɓe a 1973, an ɗauko gangar jikinsa an gina masa ɗaki. A cikin rumfunan nan babu wadda aka keɓe wa tarihin bauta. An gina wurin ne gab da samun mulkin kai, da nufin a nuna wa Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace da Babarbare cewa su ƴan ƙasa ɗaya ne, kuma wanda ke son haɗa kan gida ba ya fara da tone-tone. Na fahimci wannan. Sai dai an haura shekara sittin.

Na san abin da ke sa a ja baya. A Libaful, wanda ya sayar da wanda aka sayar duk sun mutu, teku kuma ta raba jikokinsu. A nan jikan mai rinji da jikan wanda ya noma rinjin sahu ɗaya suke sallah, kowa kuma ya san kowa. In ka rubuta sunan gida a bango ka taɓo masu sarauta, in ka rubuta sunan ƙauye ka tona asirin mutanen da suka yi shekara ɗari suna binne abin. Wannan tsoro na biyun gaskiya ne, kuma duk mai shirya irin wannan ɗaki dole ya zauna da zuriyar waɗanda aka bautar tukuna, su faɗi abin da za a nuna da abin da za a sakaya. Amma ana iyawa. Ƙasar Katar, wadda ba ta hana bauta ba sai 1952, ta buɗe gidan Bin Jalmud a Doha a 2015, a cikin gidan wani tsohon dillalin bayi, aka ba da labarin mutanen da aka kawo daga gabashin Afirka su yi nutso neman lu'ulu'u da aikin dabino. A Salaga ta ƙasar Gana, kasuwar da fataken Hausa suka yi ta zuwa sayen goro, ana nuna wa baƙi rijiyoyin da ake yi wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa.

Kayan da za a sa a ɗakin ma ba sai an je nesa ba. Mari na nan a gidajen tsofaffin maƙera da fadoji. Munduwar wahaya na hannun waɗanda suka cire ta. Hukuncin kotun CEDEAO takarda ce da kowa zai iya karantawa, a fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Tamajak. Tsofaffin da suka ji labarin hari da murgu daga bakin kakanninsu suna raye a ƙauyuka, wayar hannu ta isa a ɗauki muryarsu, kuma kowace damina raguwa suke yi. Labarin Dorugu kuwa yana kwance a ɗakunan karatu na Landan da Balin, da Hausar yaron Kance ta shekara 170 da suka wuce, har yau in aka karanta wa mutumin Damagaram zai gane abin da yake faɗi.